Kaka a Lambunan Birtaniya: Rarar Tsirrai da Zumuncin Masu Furanni

(Kiɗan buɗe shiri)



Shirin na yau ya shafi wasu mutane ne a ƙasar Birtaniya waɗanda ba manoma ba ne, ba kuma 'yan kasuwar furanni ba ne, sai dai malaman makaranta da direbobin bas da ma'aikatan jinya da 'yan fansho, waɗanda suka ɗauki rainon furanni a ɗan filin da ke bayan gida a matsayin abin da ya fi cin lokacinsu da tunaninsu bayan aikin neman abinci. Za a duba yadda rayuwarsu take a lokacin kaka, da kuma dalilin da ya sa a wannan lokaci ne zumuncin da ke tsakaninsu ya fi ƙarfi, alhali furannin da suka haɗa su suna kan hanyar mutuwa.

Abin da ake nufi da kaka a can shi ne watanni uku na Satumba da Oktoba da Nuwamba, waɗanda suke tsakanin lokacin zafi da hunturu. Ba ɗaukewar ruwan sama ce alamarta ba, domin ruwa ƙaruwa ma yake yi; alamarta ita ce raguwar hasken rana da saukowar sanyi. A birnin Landan yini yakan haura awa 16 a ƙarshen watan Yuni, ya dawo awa 12 a ƙarshen Satumba, sannan ya gaza awa 8 a ƙarshen Disamba. A Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba ake mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya, kuma daga ranar rana takan faɗi kafin ƙarfe 5 na yamma, ta yadda ma'aikacin da ya saba shiga lambunsa bayan ya taso daga aiki yakan iso gida ya tarar da duhu, dole ya tara dukkan aikin zuwa Asabar da Lahadi.

Tsirrai su ma suna auna wannan raguwa. A shekarar 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa akwai tsirran da ba sa yin fure sai yini ya gajarta, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa tsawon dare ne ainihin abin da tsiron yake ji. Kirisantimam, wani fure mai yawan ganyen kai wanda asalinsa ƙasar Sin ne, yana cikin wannan rukuni, shi ya sa yake buɗewa a daidai lokacin da sauran furanni suke zubewa. Amma abin da ya fi tsayawa a ran mai lambu shi ne daskararriyar raɓa, wato farar ƙanƙara mai laushi da ke kwanciya a kan ganye a daren da sama ta washe, iska ta kwanta, ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifili. Ruwan da ke cikin ganye yakan daskare, ƙanƙarar ta lalata ƙwayoyin halittarsa, gari na wayewa sai a ga tsiron da jiya yake tsaye da furanninsa ya yi baƙi ya langaɓe. A tsaunukan Sikotland wannan dare yakan zo tun a Satumba ko farkon Oktoba, a gaɓar tekun kudu kuwa yana iya jinkiri har ƙarshen Nuwamba, kuma babu wanda ya san ranarsa tabbas. Saboda haka hasashen yanayi na yamma ya zama abin da ba a ƙetarewa, kuma saƙon da ya fi yawo a wayoyin masu lambu a watan Oktoba bai wuce kalmomi kaɗan ba: sanyi zai sauka yau da dare, a rufe abin da za a rufe, a shigar da tukwane.

Wanda ya kalli waɗannan mutane daga nesa, ya ga yadda suke kai wa juna tsirrai a cikin jakar leda da tsohon bokiti, zai iya cewa masu furanni mutane ne da Allah ya yi wa kyauta a jini. Wataƙila wasunsu haka ne. Amma bayanin da ya fi gamsarwa yana cikin halin tsirran kansu, domin kaka takan tara wa mai lambu rarar da ba shi da wurin dasawa, ba ta ajiyuwa, ba ta da kasuwa, ransa kuma ba ya yarda ya zubar.

Babban tushen wannan rara shi ne rabon gindi. Yawancin furannin lambunan Birtaniya masu daɗewa ne, wato samansu yakan mutu da hunturu, saiwarsu ta kwana a ƙasa, su sake tohowa idan sanyi ya wuce. Irin wannan tsiro yana faɗaɗa ne daga tsakiya zuwa gefe, kuma bayan shekara 3 zuwa 5 tsakiyar takan tsufa ta bushe, furanni su ragu, ya zama zobe mai rami. Maganinsa shi ne a tono gindin gaba ɗaya, a tsattsaga shi, a jefar da tsohuwar tsakiya, a mayar da ɗanyen gefe. Farkon kaka ya dace da wannan aiki saboda ƙasa tana riƙe da ɗumin watannin zafi, ga kuma damshi, don haka sabuwar saiwa takan kama kafin hunturu. Sai dai masu ƙasar laka, wadda ke riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, sukan jinkirta zuwa lokacin toho. Yadda ake yi kuwa shi ne a ɗauko shebur mai yatsu guda biyu, a soka su a tsakiyar gindin baya da baya, a matse sandunansu zuwa juna sannan a buɗa su, sai a ji saiwoyin suna tsinkewa har gindin ya rabu biyu; a sake yin haka a kowane rabi. Gindi ɗaya na furen asta, wanda suke dangantawa da bikin Mika'ilu na ranar 29 ga Satumba saboda a lokacin yake fure, yana iya ba da guda takwas ko goma masu rai, alhali gurbin da aka tono shi ba zai ɗauki fiye da biyu ko uku ba. Sauran suna nan kwance a kan buhu, saiwa a waje, kuma idan suka yini biyu a haka sun bushe. Daga nan ne mai lambu yake leƙa katanga ya tambayi maƙwabciya ko tana da wuri, ko ya jera su a bakin ƙofa da takarda mai cewa duk mai so ya ɗauka.

Abin lura shi ne tsiron da aka samu ta rabon gindi ba ɗan tsiron farko ba ne, shi ne dai tsiron farkon da kansa, domin gadonsu ɗaya ne ba tare da wani bambanci ba. Wannan ya sa a lambuna da yawa ba a kiran fure da sunan da masana suka ba shi. Sai a ce furen wance, ko jan furen gidan wane, da sunan wanda ya bayar, ko da ya shekara ashirin da rasuwa. Mai lambu da ke zagayawa da baƙo yakan ba shi tarihin abokansa ne ba tare da ya yi niyya ba.

Furen da ya fi kowanne tara mutane a kaka shi ne daliya. Asalinsa tsaunukan Meziko ne, kuma shi ne furen ƙasar a hukumance tun 1963. An aika irinsa zuwa lambun sarki na birnin Madrid a ƙarshen ƙarni na 18, inda masani Antonio José Cavanilles ya raɗa masa suna a 1791 don tunawa da Anders Dahl, wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin. Daliyar lambu tana da zaren gado linki takwas, a maimakon linki biyu da akasarin halittu suke da shi, wanda hakan ya sa take fitar da launi da siffa iri-iri har aka yi rajistar dubun-dubatar nau'o'inta, ya kuma sa idan aka shuka ƙwayar irinta ba a samun kamar uwar. Wanda yake son ainihin nau'in da ya gani a gidan abokinsa ba shi da hanya sai ta reshe ko ta kumburarriyar saiwar da tsiron ke tara abinci a cikinta, wadda za a iya kira dankalin daliya.

Da yake tsiron bai san hunturun Turai ba, daren daskarewa na farko yakan ƙone samansa. Washegari ko bayan 'yan kwanaki sai a sare karan, a bar kamar santimita 15, a soka shebur mai yatsu nesa da gindin don kada a huda dankalin, a ɗaga a hankali. Abin da aka dasa guda ɗaya a watan Mayu sai ya fito dunƙule mai 'ya'ya biyar ko goma, duk suna rataye a wuya guda. Ana karkaɗe ƙasar, a kifa dunƙulen kara a ƙasa na mako ɗaya ko biyu, saboda karan daliya rami ne da shi kuma ruwan da ya taru a ciki shi ke fara ruɓar da wuyan. Bayan haka a jera a akwati cikin busasshen yashi ko taki, a ajiye a wurin da ke da sanyi amma ba ya daskarewa, wajen maki 5 a ma'aunin Salshiyas, a riƙa dubawa duk wata ana yanke abin da ya ruɓe. Akwai ƙa'idoji biyu da sabon shiga yakan koya daga tsofaffin hannu, sau da yawa bayan ya yi asara. Ta farko, dankalin da aka ɓalle ba tare da guntun wuya ba ba zai taɓa tohowa ba komai girmansa, domin idon toho a wuya yake. Ta biyu, duk dankalin daliya kama ɗaya suke yi da zarar fure ya tafi, saboda haka wanda bai ɗaura wa kowane dunƙule sunansa tun kafin ya sare karan ba zai shafe shekara mai zuwa yana jiran fure ya buɗe kafin ya san abin da ya dasa, kuma zai ba abokinsa ja da sunan fari. Wasu sukan rubuta sunan a jikin dankalin da alƙalamin da ba ya gogewa.

A kan daliya akwai saɓanin da ba ya ƙarewa tsakanin masu tonowa da masu bari a ƙasa. Masu bari suna cewa hunturu ya yi sauƙi a shekarun nan, kuma idan aka tula taki mai kauri a kan gindin zai kwana lafiya. Masu tonowa suna amsawa da cewa jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi sanyi kisa. Kowane ɓangare yana da gaskiya a irin ƙasarsa. Sai dai tsananin sanyin da ya sauka a watan Disamba na 2022, bayan kaka mai ɗumi da ruwa, ya kashe tsirrai masu yawa da aka bari a waje, kuma a lokacin toho na 2023 masu bari da dama sun koma ƙofar masu tonowa neman abin dasawa.

Nan ne ake ganin fuska ta biyu ta kyautar tsiro. Mai lambu ya san cewa nau'in da yake da shi a wuri ɗaya tak yana iya salwanta a dare ɗaya, ta sanyi ko ruɓa ko ɓera, kuma kamfanonin iri sukan daina sayar da tsofaffin nau'o'i idan sababbi sun fito. Idan ya raba wa mutum uku a unguwanni dabam-dabam, masu ƙasa dabam-dabam, da wuya duka su mutu tare. Abin ya yi kama da al'adar ba da kiwo, inda mai akuya yake ajiye ta a hannun ɗan'uwa a wani ƙauye, wanda ya karɓa ya amfana, mai ita kuma ya san idan annoba ta shiga garkensa yana da inda zai koma. Haka suke yi da yankakken reshe na furanni marasa jure sanyi irin su felagoniyam da salbiya, waɗanda ake kafawa a ƙananan tukwane a ƙarshen Agusta da Satumba, a raba tsakanin mai ɗakin gilashi da mai faffaɗar taga. Ƙungiyar Plant Heritage, wadda aka kafa a 1978 don hana tsofaffin nau'o'in furannin lambu ɓacewa, ta ɗauki wannan ɗabi'a ta mayar da ita tsari: tana da ɗaruruwan taskokin tsirrai masu rai, kowacce ta tattara nau'o'in dangi guda, da yawansu a lambunan gidajen mutane ne, kuma duk shekara mambobinta suna musayar nau'o'in da suka yi ƙaranci ba tare da ciniki ba.

Ƙwayar iri ita ce rara ta uku, kuma ita ce mai tafiya nesa. Ana tsinko busassun kawunan furanni a ranar da babu ruwa, a zuba a jakar takarda, ba leda ba, domin leda tana riƙe gumi ta kawo funfuna. Da daddare a kan teburin kicin ake murje su a faranti, a hure ƙaiƙayi a hankali, a ƙunsa a ƙananan ambulan, a rubuta suna da shekara. Kan fure ɗaya na wasu tsirrai yana ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyi, mai lambu kuwa ashirin sun ishe shi. Ƙungiyoyi irin su Hardy Plant Society, wadda aka kafa a 1957, da Alpine Garden Society ta 1929, suna karɓar wannan iri ta gidan waya a lokacin kaka, 'yan sa-kai su tantance su ƙunsa, a buga jerin sunaye mai ɗauke da dubban nau'o'i, kowane mamba ya zaɓa. Wanda ya ba da iri yana samun ƙarin ƙunshi a kan wanda bai bayar ba. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta taɓa wannan zumunci, domin daga farkon 2021 aika iri zuwa ƙasashen tarayyar yana bukatar takardar shaidar lafiyar tsiro, abin da ya yi wa ƙungiyoyin 'yan sa-kai nauyi, ya kuma raba su da mambobin da suka daɗe suna musaya da su.

Ba duk aikin kaka ne na rabo ba. Akwai na saye, wato albasar fure. Dafodil da tulif suna fitowa ne daga wata albasa da ake binnewa a zurfin da ya kai tsawonta sau biyu ko uku, dafodil a Satumba, tulif kuwa sai Nuwamba, lokacin da sanyin ƙasa ya rage ƙarfin wata cutar funfuna da ke ƙone ganyensa. Albasar tulif tana bukatar makonni 12 zuwa 16 na sanyi kafin furen da ke cikinta ya miƙe, wanda shi ne dalilin da ya sa wanda ya ɗauko ta tsaraba ya binne a Kano ko Zinder ba zai ga furen da ya gani a hoto ba. Ƙungiyoyin unguwa sukan haɗa kuɗi su sayo buhu-buhu daga Holan ko yankin Lincolnshire don samun rangwame, sannan kowa ya shiga yaƙi da kuregen nan mai ruwan toka da aka shigo da shi daga Amurka a ƙarni na 19, wanda ke tone tulif ya cinye amma ba ya taɓa dafodil saboda dafinsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Zumuncin masu furanni ba ya rasa kishi, kuma kishin yana da dandalinsa, wato gasar furanni da ake yi a zauren coci ko na ƙauye a Satumba, ta kirisantimam kuma har Nuwamba. Al'adar tsohuwa ce. Ƙungiyar masu furanni ta birnin York ta faro tun 1768, ƙungiyar kirisantimam ta ƙasa ta samo asali a unguwar Stoke Newington ta Landan a 1846, ta daliya kuma a 1881, kuma tun farko masaƙa da masu haƙar kwal da ma'aikatan masana'antu suna cikin gwanayen wannan fage, domin fure na gasa kulawa yake bukata fiye da faɗin fili. Mai shiga gasa yakan cire duk ƙananan tohon fure da ke gefen kara ya bar ɗaya a sama, don abincin tsiron ya tattaru a kansa, har a samu daliya mai faɗin da ya haura santimita 25. Yakan kafa mata lema ko rufin roba kada ruwan sama ya ɓata ta, ya kifa tukunya cike da ciyawa a kan sanda don ƙwarin da ke cin ganyen fure da dare su ɓuya a ciki a kama su da safe. Ranar gasa yakan tashi da asuba, ya jera furannin a bokitai kowanne ɗaure da sandarsa, ya tuƙa mota a hankali kamar mai ɗauke da majinyaci. Ladan duk wannan shi ne jan kati na ɗaya ko shuɗi na biyu, da kuɗin da sau da yawa ba zai sayi buhun taki ba. Ana gunaguni a kan alƙalai, ana ɓoye sirrin taki. Duk da haka abu ne sananne a ga wanda ya ci gasa ya ba wanda ya kayar dankalin ainihin nau'in da ya kayar da shi, saboda gasar da babu abokin karawa ba ta da daɗi, kuma ƙungiyoyin sun san yawancin mambobinsu sun manyanta, suna neman matasa ido rufe.

Tarihin lambunan ƙasar ya adana sunayen mutane biyu da ake yawan ambata a wannan babi. E. A. Bowles, wanda ya rayu daga 1865 zuwa 1954 a gidan Myddelton da ke Enfield, ya shahara da cewa baƙonsa ba ya fita hannu sake, kuma furanni da dama suna ɗauke da sunansa har yau. Ellen Willmott ta Warley Place a yankin Essex, wadda ta rasu a 1934 bayan ta ƙarar da dukiya mai yawa a kan lambu, ana ba da labarin cewa takan zuba irin wani tsiro mai ƙaya, mai launin azurfa, a ɓoye a lambunan da ta ziyarta, sai bayan shekara biyu masu gida su gan shi ya fito. Shi ya sa ake kiran tsiron fatalwar Willmott. Akwai kuma tsohon camfi mai cewa reshen da aka sata ya fi kamawa, wanda wasu baƙi suke fakewa da shi su tsinki abin da ba a ba su ba. Wannan sata ce ko da an yi mata ado, kuma babu dalilinta a cikin mutanen da tambaya kawai suke jira su bayar.

Kyautar tsiro tana da nata haɗarin, kuma masu gaskiya a cikinsu ba sa ɓoye shi. Tsiron da ya fi yawan rara shi ne wanda ya fi saurin mamaye wuri, don haka abin da ake cusa wa sabon shiga da fara'a sau da yawa shi ne abin da zai shekara biyar yana ƙoƙarin tumɓukewa. A cikin ƙasar da ke manne da saiwa ake kwaso guntayen saiwar miyagun ciyayi, da ƙwan dodon koɗi, da wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa 'yar asalin New Zealand wadda aka fara gani a Belfast a 1963, mai cinye tanar da ke gyara ƙasa. Dankalin daliya yana ɗaukar cutar bairos da ta ƙullutu daga gida zuwa gida. Misalin da ya fi muni shi ne wani tsiron Japan mai kara kamar gora, wanda Philipp von Siebold ya aika lambun Kew a 1850, aka sayar da shi a matsayin abin ado, masu lambu suka yi ta raba wa juna. Yau dokar 1981 ta haramta barinsa ya bazu a daji, kuma samunsa a fili yana iya hana banki ba da bashin sayen gidan. Saboda haka ƙwararru sukan wanke saiwar kyauta tas, su dasa ta a tukunya, su ware ta na wasu watanni kafin ta shiga cikin sauran, kuma mai bayarwa na kirki yakan faɗi aibin abin da ya bayar tun kafin a tambaye shi.

Ganyen da ke zubowa daga itatuwa shi ma abin musaya ne. Wanda ba shi da sha'awar lambu yana ganinsa shara, mai furanni kuwa yakan roƙe shi, ya cusa a baƙar leda mai huji, ya jiƙa, ya ajiye shekara ɗaya ko biyu har funfuna ta mayar da shi baƙin taki mai laushi. A kan share lambu kuma an rabu. Tsohuwar koyarwa ita ce a sare komai a ƙone kafin hunturu. Sabuwar, wadda mai tsara lambuna ɗan Holan Piet Oudolf yana cikin waɗanda suka yaɗa ta, ita ce a bar busassun karare tsaye har Fabrairu, don tsuntsaye su ci iri, ƙwari masu amfani su sami maɓoya. Maƙwabta biyu na iya shekara goma kowanne yana ganin ɗayan ko dai malalaci ne ko mai tsananin tsafta, suna kuma miƙa wa juna tsirrai ta kan katangar. Abin da suka yi ittifaƙi a kai shi ne a birkita tarin itace kafin a cinna masa wuta a daren wasan wuta na 5 ga Nuwamba, domin bushiya takan shiga ciki neman wurin barcin hunturu.

Wannan hulɗa ta gida-gida ta haifi cibiyoyi. A 1927 aka fara shirin buɗe lambunan gidaje ga jama'a don tara wa ma'aikatan jinya masu bin gida-gida kuɗi, inda lambuna 609 suka buɗe, kuɗin shiga sule ɗaya, aka tara fiye da fam 8,000. Shirin, mai suna National Garden Scheme, yana nan har yau da dubban lambuna, ana sayar da shayi da kek da rarar tsirrai a bakin ƙofa. Tun 1947 kuma gidan rediyon BBC yake watsa shirin amsa tambayoyin masu lambu, wanda akan ɗauka a gaban 'yan ƙungiyoyin lambu a garuruwa dabam-dabam. Ƙungiyoyin nan a kaka suke komawa taron wata-wata na dare, da mai jawabi da teburin musayar tsirrai, kuma ga tsohon da ke zaune shi kaɗai, fitar nan tana iya zama ita ce babbar fitarsa ta watan.

Sai dai ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba. Alƙaluman ofishin ƙididdiga na ƙasar na 2020 sun nuna gida ɗaya cikin takwas a Birtaniya ba shi da lambu, na kansa ko na tarayya, a Landan kuwa abin ya kai ɗaya cikin biyar, kuma baƙar fata a Ingila sun fi farar fata fuskantar wannan rashi kusan sau huɗu. Mafitar da doka ta tanada tun 1908 ita ce filayen haya da ƙananan hukumomi ke yankawa, cikakken ɗaya wajen murabba'in mita 250, amma a manyan birane jerin masu jira yakan ɗauki shekaru. A wurare da yawa shekarar hayar tana sabuntuwa ne a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, saboda haka sabon ɗan haya yakan karɓi filinsa a daidai makon da maƙwabtansa suke neman wanda zai rage musu kaya.

Akwai kuma rabon da ba a so. Idan tsohuwar mai lambu ta kasa, za ta koma gidan kula da tsofaffi, ko ta rasu magada suka sa gidan a kasuwa, abokanta sun san mai saye yana iya shafe filin da siminti don ajiye mota. A dokar Ingila abin da ke dashe a ƙasa yana bin gidan ne, sai in mai sayarwa ya bayyana a takardar lissafin kayan gida cewa zai cire shi. Don haka 'yan ƙungiya sukan tuntuɓi iyalin tun kafin a sa hannu, su nemi a rubuta tsirran da za a ɗauka, sannan su sa rana a cikin Oktoba ko Nuwamba, lokacin da tsiro ya fi jure tashi, su zo da baro da buhuna da alƙalamin rubuta suna, su yi rabon gindi su bar wa mai saye kasonsa a ƙasa, sauran kuma a rarraba tsakanin lambuna biyar ko shida gwargwadon irin ƙasar da kowane tsiro yake so.

(Kiɗan rufe shiri)